Ƙullin Maganin Ƙanena

Ƙanena direban tasi ne, a unguwar Hindawiyya yake tsayawa, kuma tun da kakanmu ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano ya zauna a Makka, zuri'armu ba ta haifi mai taurin kai irinsa ba. Mu uku iyayenmu suka bari a gidanmu na unguwar Tandabawi: babban yayanmu, ni, sai shi. Dukanmu haihuwar nan ne, muna da takardar zama 'yan ƙasa. Ya taɓa aure da ƙuruciya, auren bai yi ƙarko ba, ba a haihu ba, daga nan ya zauna gwauro har furfura ta cika masa gemu. Ni ma da mijina ya rasu gida na dawo, na karɓi ɗakin ƙasa na kafa keken ɗinkina.

A bakin layinmu akwai wata mata mai koko da ƙosai. Da safe ta soya, da yamma ta ƙulla gyaɗa a 'yan ledoji ta gangara wajen Misfala ta sayar wa masu wucewa Harami. Mutuniyar Maraɗi ce. Umara ta zo da mijinta, Allah ya yi masa rasuwa a nan, ita kuma ba ta koma ba. Ba ta da igama, wato izinin zaman baƙi, ba ta da kowace takarda, irin zaman da 'yan'uwanmu da yawa ke yi ne, ido ɗaya a kan kasko, ɗaya a kan hanya ko motar kame za ta ɓullo. Wurinta ƙanena ke karyawa kafin ya tayar da mota. Mutumin da ko kirarin ƙosai bai sani ba, sai ga shi ya zama ba ya iya fita sai ya ci. Ni dai na zuba ido, na ce za mu ji.

Muka kuwa ji. Ya tura manya wurin wata tsohuwa da take zaune da ita, aka kai goro da alawa, aka yi addu'a. Tun daga ranar unguwa ta sa mata Amarya, ni ma haka nake kiranta har yau. Rana ce kawai ba a sa ba, domin ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai da izinin hukuma, ita kuwa wadda ba ta da igama, ta ina za a fara? Aka ce sai ta koma ƙasarsu ta dawo da biza. To in ta miƙa kanta aka ɗauki zanen yatsunta aka fitar da ita, wa ya san ranar da za a sake barinta ta shigo? Gaba kura, baya sayaki.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ce masa, "Kai, kira liman da shaidu a shafa fatiha a cikin gida mana. Rabin unguwar nan haka aka yi nasu. Ko ka fi su tsoron Allah ne?"

Sai ya ce, "Ni ba zan yi aure kamar ɓarawo ba. Sai na ga sunanta a katin iyalina, halas."

"Zaman jiran gawon shanu kake yi," in ji ni.

Sai ya yi dariya ya ɗauki makullinsa. Ya ga yaran maƙwabta da aka haifa a irin wannan aure suna yawo ba makaranta, ya ga matan da miji ya mutu aka ce ba a san da su ba, shi a tunaninsa gata yake yi mata. Shekaru suka yi ta wucewa yana zarya tsakanin ofis da ofis. Ita ba ta taɓa shiga ɗakinsa ba, shi ma iyakarsa bencin da ke gefen kaskonta.

Amma wani abu guda ya koma hannunta tun da wuri, wato maganinsa. Yana da ciwon zuciya, likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini da wasu ƙwayoyi, shi kuwa in an bar shi sai ya sha yau ya manta gobe, jibi ya haɗa na kwana biyu ya watsa baki. Na yi faɗa har na gaji. Ita ba ta yi faɗa ba, kwalayen ta karɓa. Ba ta karatun Larabci balle boko, sai dai masu kantin magani a nan suna da al'adar ja wa mutum layi a jikin kwali, layi ɗaya sau ɗaya, layi biyu sau biyu. Da layukan nan take aiki. Sai ta ɓare ƙwayoyin ta ƙulla su a 'yar leda yadda take ƙulla gyaɗa, na safe ƙulli ɗaya, na rana biyu, na bayan magariba uku. Na safe a gabanta yake sha da koko, sauran ya jefa a aljihun riga. Tun da ta fara, kwanciyar asibitinsa ta ragu, har ni na sara mata.

Wata bazara gwiwarsa ta matsa masa, irin ta direbobi. Ya shiga wani ƙaramin asibiti a kan hanyarsa, aka rubuta masa maganin ciwo, ya kawo mata kwalin da layukansa, ta ƙara a cikin ƙullin. Gwiwa ta yi sauƙi. Ba a daɗe ba ya fara cewa cikinsa na yi masa zafi, muka ce yajin ƙosai ne, har na tsokane ta. Wata rana da hantsi ya faka mota a Hindawiyya ya ce wa abokan aikinsa jiri yake ji, ya yi aman jini. Kafin la'asar ya cika a babban asibiti.

Da aka miƙo mana kayan aljihunsa, ƙullin rana da na magariba suna ciki. Likitan ya ɗaga su sama yana juyawa, ba suna, ba kwali, ya tambayi Yaya, "Wannan mene ne? Wa ke ba shi magani haka?" Yaya ya ce marigayin ne ke haɗa abinsa da kansa. Likitan ya ce jini ne ya ɓalle masa a ciki, kuma yana ganin magani ne, in muna so a bincika muna da iko mu kai ƙara. Abin da ya faɗa ke nan. Sai dai akwai direbobi biyu tsaye a bayanmu, kuma kunnensu lafiya lau.

Aka sallace shi a Harami aka kai shi. A zaman makoki aka jera kujeru a layi aka ja fitilu, maza na jere suna karɓar gaisuwa, mu mata muna sama ana zagayawa da gahawa da dabino. Amarya tana bayan gida wurin tukwane. Ba mai cewa ta hau sama, domin a wane matsayi za ta zauna? Ba takaba a kanta, ba gado. Ni kuma a lokacin kaina bai ɗauki komai ba sai mutuwar ƙanena. Kafin a kwashe kujeru magana ta gama unguwa, wai ƙullin mai gyaɗa ne ya kashe shi, wai ta rikita farar ƙwaya da wata farar ƙwaya. Mutanen da suka sha koko bashi a wurinta su ne a gaba wajen faɗa, kuma har yau akwai waɗanda ba na amsa gaisuwarsu da sakin fuska.

Bayan an watse Yaya ya kira ni ɗakinsa. Dattijo ne mai sanyi, ya yi aikin hidimar alhazai har ya yi ritaya, ba ya son hayaniya ko ta kaza. Ya ce, "Maganar ƙara, na ce mu bar ta. Kwanansa ne ya ƙare. Mu yafe saboda Allah, a garin nan wa ya fi ƙarfin yafiya?" Sannan ya rage murya. "Kuma ki duba. In aka buɗe bincike za a tambayi wa ke ba shi magani. Sunan baiwar Allahn nan zai fito, ga shi ba igama, ga shi ba aure. Kama ta za a yi a fitar da ita, in ma ba a ɗora mata laifi ba. Rufa mata asiri shi ne mu yi shiru."

Na ga gaskiyarsa, na ce to.

Ta ci gaba da suya, sai dai ta rame kamar wadda ta yi jinya. In na wuce ta gaishe ni kanta a ƙasa. Wata rana bayan azahar, lokacin da rana ke korar kowa daga layi, ta yi sallama a ɗakina. Ta zauna a bakin ƙofa, na ce ta matso, ta ƙi. Ta kwance bakin mayafinta ta zubo kwalayen maganinsa a kan darduma, duk da layukansu.

"Hajiya," ta ce, "an ce likita ya ce ana iya bincike. Ina son a yi."

Na gaya mata abin da Yaya ya hango, ban rage komai ba, har maganar kame.

"Na sani," ta ce. "Ni ma na yi wanga tunani. Amma tun ranar da anka kai shi, in na ɗauko leda zan ƙulla gyaɗa sai in kasa. Ina ta lissafi, ko na sa biyu inda ya kamata ɗaya. Na tuna, na tuna, ban gano ba. In ni ce, a gaya mini in san abin da zan roƙi Allah a kai. In ba ni ba ce, a gaya mini. Gara a maida ni Maraɗi na sani da in zauna Makka ban sani ba."

Ba kuɗi take nema ba, ko sau ɗaya ba ta ambaci diyya ba. Tausayinta ya kama ni, na tashi na dafa shayin da ba wanda ya sha a cikinmu.

Akwai 'yar wata maƙwabciyarmu da ta karanta shari'a take aikin lauya. A gabana aka haife ta, Hausarta duk ta kakkarye kamar ta yaran yanzu. Muka je gidansu ranar hutu. Ta saurare mu da kyau, sannan ta juyo gare ni, ni da take kira Khala, wato inna da Larabci, ba ta iya kallon Amarya ba.

"Khala, ita dai, ma indaha sifa. Ya'ani, ba ta da matsayi. Ƙara ta magada ce. Mata, 'ya'ya, iyaye, in babu sai 'yan'uwa."

Na ce, "Goron da aka kai fa? Duk unguwa shaida ce."

"Goro ba aure ba ne, Khala. Da an ɗaura, ko a gida ne, da shaidu, da sai mu yi ƙoƙari mu tabbatar a kotu, duk da wahala. Amma ba a ɗaura ba. Ba za ta kai ƙara ba, ba za a ba ta amsa ba, ko kofi na rahoto ba za a ba ta ba." Ta ce amma ni magajiya ce, ina da haƙƙina daban da na Yaya, ko shi ya yafe nasa ni ina iya neman nawa.

Amarya ta gyaɗa kai kawai, kamar an gaya mata farashin wake. Ni ce raina ya ɓaci, kuma da ƙanena ya ɓaci, yana kabari ina jin haushinsa. Ya ƙi auren ɓoye don kada a ce ba a san da ita ba, ga shi ya tafi ya bar ta ba a san da ita ba ko a wajen liman.

A hanya na ce mata in an tambaya zan ce ni ke ba shi magani. Ta tsaya cak.

"A'a, Hajiya. In kin ce ke ce, ke za a wanke. Ni fa?"

Da Yaya muka kai ruwa rana. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce Yaya, ni da jikokina ba a ce mini yaro, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita da za a kama ta ce ta yarda. Ya ce za a ce kwaɗayin diyya ne ya sa na kasa yafe jinin ƙanena. Na ce su ce, bakinsu ne. Ya sa hannu ya yafe nasa kaso, ya daina saukowa shan shayi a ɗakina. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin shi kaɗai ya rage mini, amma na shigar da ƙarar da sunana.

Aka shiga jira. Aikin Hajji ya zo ya wuce, gari ya cika ya fashe, sanyi ya ɗan leƙo. Amarya ta haɗa kayanta a jaka ɗaya ta ajiye bayan ƙofa, ta sayar da babban kaskonta ta koma ƙarami, ta yi sallama da tsohuwar da suke zaune tare tun ba a zo kama ta ba. Duk ranar da aka kira ni, kafin in fito tana tsaye a bakin layi da mayafin fita, ko za a ce a zo da ita. Sai in ce koma, ba a neme ki ba tukuna.

Ba a kuwa taɓa nemanta ba. Kwamitin da ke duba irin wannan ƙara takardun asibitocin biyu suka karɓa, suka kira likitan da ya rubuta maganin gwiwa. Na gan shi sau ɗaya, ɗan saurayi ne baƙo, ya fi ni firgita. Kwalayen da ƙullin da suka rage suna cikin jakata kowane zama, ba wanda ya ce in fito da su. A ƙarshe aka ce maganin ciwon nan ba a haɗa shi da na tsinka jini, kuma an rubuta shi ba tare da an tambayi abin da mutum ke sha ba. Kuskure ya tabbata, diyya ta hau.

Wannan bai ishe ni ba, domin ba shi aka aiko ni ba. Na tsaya har aka fara tashi, na tare babban likitan kwamitin, wani dattijo mai farin gashi. Na ce, "Likita, a gida ake raba masa maganin nan da hannu. Ko mai rabawa ya yi kuskure, ya ƙara masa?"

Ya sake buɗe fayil ɗin, ya bi da yatsa. Ya ce gwajin da aka yi masa a ranar ya nuna maganin tsinka jinin bai wuce ƙa'ida ba, daidai yake da na mai sha yadda aka ce. Ya ce haɗin biyun kaɗai ya isa, ko ma'aikaciyar jinya ce ke ba shi abin da zai faru ke nan. Bai tambayi wane ne mai rabawar ba, ya rufe fayil ya yi mini ta'aziyya.

Na iske ta da yamma a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa. Ban zauna ba na faɗa mata, kalma da kalma yadda ya faɗa. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Daidai yake?" Na ce daidai yake. Ta ajiye farantin a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Na zauna kusa da ita na bar ta ta yi mai isarta, ni ma na yi nawa.

Da ta natsu na gaya mata shirina. Kasona na diyya zan karɓa in ba ta duka, tunda shari'a ba ta san ta ba ni na san ta. Na riga na ƙudurta, har na tsara yadda zan rufe bakin Yaya.

Ta girgiza kai. "Ba ni ci, Hajiya. Mi zan saya da shi?" Ta share ido da gefen mayafi. "Likitan nan, kin ce yaro ne?"

Na ce yaro ne, amma yaro ko babba ya kashe mini ƙane da ganganci na rashin tambaya, kuma sai ya ɗanɗana.

"Ba da gangan ba ne," ta ce. "Ni na san yadda yake kwana. Wata da watanni ina inda yake. Ki je ki sa hannu, ki yafe mishi."

Raina ya tashi. Na ce, "Amarya, na ɓata da yayana, na sha zagin unguwa, na yi ta zarya a rana, yanzu ki ce in yafe? Ai ba haƙƙinki ba ne, nawa ne."

Maganar ta fita kafin in kama ta. Ba ta ji haushi ba. Ta kama hannuna da nata mai gishirin gyaɗa, ta riƙe.

"Na sani," ta ce. "Da nawa ne da na yafe tun ɗazu. Shi ya sa nike roƙonki."

Na yi kwanaki ina fama da zuciyata, domin ni ba mai saurin sauka ba ce. Ranar da na tashi zuwa, ta ce za ta raka ni, na ce wurin cike yake da 'yan sanda, ta ce iyakarta bakin titi. Na shiga na gaya wa magatakarda na zo yafe kasona. Ya duba takarda ya ce, "Ke kaɗai kika rage, ko akwai wani mai haƙƙi?" Ta tagar bayansa ina hango ta tsallaken titi, tsaye a inuwar wani kanti, ta rungume jakar hannunta. Ya sake tambaya, alƙalami a hannu. Na ce babu, na sa hannu.